Taransifoma Ba Ta Shan Wutar Batir: Amsoshin Tambayoyinku Kafin Ku Saki Kuɗi

Tun da zafi ya kankama, wasiƙun da ke shigo mini suka koma kan kayan wuta: me zan saya firjina ya tsira, me zan saya fankata ta kwana tana juyawa. Na tsamo guda biyar a wannan makon. Masu su ba su san juna ba, amma duk a kan abu ɗaya suke tambaya, wato taransifoma, tun daga wadda ke zaune a bakin titi cikin keji har zuwa 'yar mitsitsiyar da ke ɓoye cikin cajar waya. Na rage tsawon wasiƙun, masu su a yi mini afuwa.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Funtuwa. Ina da farantin sola ɗaya da batir mai bolt 12, amma kuɗin inbata ya fi ƙarfina. Wani mai gwangwan ya nuna mini wata ƙatuwar taransifoma, ya ce tana mayar da 220 zuwa 12, don haka in na juya ta na ba ta 12 daga batir za ta ba ni 220. In saya?

Amsa: Ɗana, in don wannan aikin ne, riƙe kuɗinka. Mai gwangwan bai shara maka ƙarya tsagwaronta ba, rabin gaskiya ya gaya maka, kuma rabin ne mai ƙona ɗaki. Gaskiya ne taransifoma ba ta da gaba da baya. Wadda ke sauke wuta za ta iya ɗaga ta in an juya ta. Sai dai 12 ɗin da take so ba irin 12 ɗin batir ba ce.

Wutar lantarki iri biyu ce. Ta batir da ta farantin sola hanya ɗaya take bi, ta fito ta wannan kai ta shiga ta wancan, ba waiwaye. Ita ake rubuta wa DC. Ta NEPA da ta janareta kuwa kai-da-komo take yi kamar zarto a hannun kafinta, ta je ta dawo sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ita ce AC, kuma wannan zirga-zirgar ita ce 50Hz da kake gani a bayan kayan wuta. Kada ka rikita ta da AC ɗin sanyaya ɗaki, suna ne kawai ya zo ɗaya.

In ka fasa taransifoma ba za ka ga wani abin mamaki ba: falle-fallen ƙarfe ne aka jera aka matse, aka naɗa musu waya kashi biyu. Naɗin da wuta ke shiga daban, wanda take fita daban, kuma ba sa taɓa juna. To ta ina wutar ke tsallakawa? Ta maganaɗisu. Wutar da ta shiga naɗin farko tana mayar da ƙarfen nan mayen ƙarfe, shi kuma ya haifar da wuta a naɗi na biyu. Amma da sharaɗi: sai in ƙarfin maganaɗisun yana canzawa, yana hawa yana sauka. In ya tsaya cik, ko da ƙarfinsa ya kai ya ɗaga garma, naɗi na biyu ba zai ga ko ƙyas ba.

Ka taɓa tsayawa kusa da mai tankaɗe? In ta zuba gari a rariya, ɗan kaɗan zai zubo a lokacin da ta zuba, daga nan shiru. In ba ta girgiza ba, haka garin zai wuni a sama. Wutar AC girgiza ce da ba ta tsayawa, shi ya sa take wucewa. Wutar batir rariya ce da aka ajiye a kan tabarma.

Wanda ya fara ganin haka da idonsa shi ne Michael Faraday, a Landan, a shekarar 1831. Ya naɗa waya biyu a jikin zoben ƙarfe, ya haɗa ɗaya da batir, ɗayar da allurar awo. Allurar ta zabura a lokacin da ya haɗa, ta koma ta kwanta. Ta sake zabura a lokacin da ya cire. Tsakanin haɗawa da cirewa, ba motsi. Abin da mai gwangwan ke so ka gwada ke nan, kusan shekara ɗari biyu bayan an san amsarsa.

Da a ce ƙin ba da wuta ne kawai, da da sauƙi. In AC ce ke bi ta naɗin, canzawar maganaɗisu tana tokare wutar da ke shigowa, ta hana ta kwarara fiye da kima. In DC ce babu mai tokarewa, naɗin ya zama waya zalla, kamar ka ɗauki sifana ka gitta a kan kawunan batir. Cikin ɗan lokaci waya ta yi zafi, fentin da ke jikinta ya narke, wari ya tashi. Ina yaron shago na yi wannan wautar da batirin babur ɗin maigidana da wata taransifomar tsohuwar rediyo. Na haɗa, ƙwan da na jona bai kama ba, sai ɗumi da na ji a tafin hannuna. Da na fizge wayar, yatsuna na kan ɗaya ɓangaren, wani abu ya harbe ni har gwiwar hannu. Maigida bai dake ni ba, dariya ya yi ya ce, “Yau ka san yadda fulogi yake samun wuta.” Haka ne kuwa: kwayil ɗin mota taransifoma ce da ake yanke wa wutar batir ana mayarwa, kowace yankewa ta haifi tartsatsi mai dubban bolt. Inbata ma dabararta ke nan. Tana sassara wutar batir, tana jujjuya ta ta koma kai-da-komo, sannan ta miƙa wa taransifomar da ke cikinta. Kuɗin da ya fi ƙarfinka na wannan mai sassarawar ne, shi ne kuma mai gwangwan ba shi da shi.

Tun da ɗalibi ne kai, ga lissafin. Yawan zagayen waya shi ke yanke hukunci. In naɗin shiga zagaye 2,300 ne, na fita 120, ka ba ta bolt 230 ta ba ka 12. Amma ba ta ƙara maka komai. Kamar ɗan canji ne a Wapa: ka ba shi takardar dubu ɗaya ya ba ka 'yan ɗari-ɗari guda goma, yawan takardu ya canza, kuɗin bai ƙaru ba, har ma ya ɗan cire ladansa, wanda a wurin taransifoma shi ne zafin da take yi. In bolt, wato ƙarfin turin wuta, ya hau, amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, ta sauka. Wannan canjin ne ya sa duniya ta zaɓi AC. Tashar da Thomas Edison ya buɗe a birnin New York a 1882 DC take bayarwa, kuma wutar ba ta wuce kimanin mil ɗaya take galabaita a cikin waya. Da injiniyoyin kamfanin Ganz na Budapest suka fito da taransifoma mai aiki a 1885, William Stanley kuma ya haska wani gari da ita a Amurka a 1886, sai lissafi ya juya: ninka bolt sau biyu, asarar hanya ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa wutar Shiroro ke hawa bolt 330,000 ta bi ta Mando a Kaduna ta sauka Kumbotso, a sauke ta zuwa 132,000, zuwa 33,000, zuwa 11,000, kafin ta unguwarku ta mayar da ita 230 ɗin da ke soket.

Shawarata: manta da 220 a yanzu. Sayi ƙwayayen DC, da fankar DC, da kan caja mai karɓar bolt 12, da ƙaramar na'urar daidaita caji tsakanin faranti da batir, ka sa fis kusa da kan batirin. Batirinka zai fi daɗewa da caji, tun da babu inbatar da za ta ci nata kason a hanya.

Tambaya: Ɗiyata da ke Amurka ta aiko mini da kaya: injin markaɗe, tukunyar dafa shinkafa, kwamfutar hannu, da injin aski na ƙanenta. An ce in na jona za su ƙone. Taransifoma nawa zan saya? Wata uwa daga Kaduna.

Amsa: Hajiya, Allah ya yi wa ɗiyar albarka. Wanda ya gargaɗe ki ya kyauta. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu da ta Nijar 220 zuwa 230. Abin da aka ƙera don 120, musamman mai ɗumama abu, in ya sha tamu zafinsa ba ninki biyu yake yi ba, kusan ninki huɗu ne. Ba ya kai ga tafasa ruwa yake mutuwa.

Kafin ki je kasuwa, ki sa tabarau ki juya kowane ɗaya ki karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa. Duk wanda kika ga an rubuta 100–240V, 50/60Hz, ba ruwansa da taransifoma. Cajar kwamfutar kusan tabbas haka za ki gani; kan soket kawai za ki saya mata mai karɓar ƙafafunta masu faɗi. Ki kiyaye fa: wannan kan soket ɗin siffar ƙafa kawai yake canzawa, ba ya rage ko bolt ɗaya. Kayan mutane da yawa sun tafi ta wannan ƙofar, don sun ga abu ya shiga soket daram sun ɗauka magana ta ƙare.

Wanda aka rubuta 120V kaɗai shi ke buƙatar taransifomar sauke wuta, wadda 'yan kasuwa ke kira sitef-dawun. Ki duba wat ɗinsa. In injin markaɗen wat 600 ne, kada ki sayi mai 600, ko mai 750. Duk abu mai mota yana fizgar wuta fiye da ƙa'idarsa a lokacin tashi, balle in an cika masa tattasai da albasa. Nemi mai 1,500. Ki ɗaga ta ki ji: ta gaskiya mai wannan ƙarfin sai kin sa hannu biyu. In aka miƙo miki wata 'yar ƙarama da za ta shiga jakar hannu, an rubuta mata 1,600 ko 2,000 a jiki, ba taransifoma ba ce. Yanka wutar take yi gunduwa-gunduwa, an yi ta ne don abin busar da gashi na matafiya, kuma tana kashe duk abin da ke da allon lantarki a ciki.

Tukunyar shinkafa kuwa, gaskiya ɗaya ce: ki tambayi kuɗin taransifomar da za ta ɗauke ta, ki tambayi kuɗin sabuwar tukunya mai 230 a nan gida, sai ki gwada. Sau da yawa jelar ta fi raƙumin tsada. Ba sai kin gaya wa ɗiyar ba.

Saura injin aski, nan ne akwai wani abu da taransifoma ba ta iya gyarawa. Wutar Amurka sau 60 take kai-da-komo, tamu sau 50, kuma taransifoma bolt take canzawa, ba ta taɓa wannan bugun. Injin markaɗe bai cika damuwa da haka ba. Amma injin aski irin mai karkarwa da maganaɗisu bugun wutar yake bi, don haka in ya sha 50 sai ya dinga ƙara kamar ana markaɗa tsakuwa, yana zafi a hannu. Masu aski sun san wannan kukan. In mai caji ne, babu matsala. Saboda wannan dalilin ne nake hana mutane ɗauko firji ko injin wanki daga can: motarsu za ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, ta riƙa ɗumi fiye da yadda aka tsara mata.

Ki kuma manna jan tef a kan wayar duk abin da ke na 120. Ke kin sani, amma mai taya ki aiki ko jikanki ba su sani ba.

Tambaya: Ina sayar da ƙanƙara da lemo a Maraɗi. Zan haɗa sola don firiza biyu da sumo na rijiya. An nuna mini inbata biyu masu ƙarfi ɗaya a rubuce, ɗaya sai mutum biyu sun ɗaga, ɗaya kuwa yaro ma zai rataya ta. Mai shago ya ce mai nauyin tsohon yayi ce. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, kowace da ranarta, amma ga irin aikinka ni mai nauyin zan ɗauka. Duka biyun akasari da taransifoma a cikinsu, bambancin a saurin girgiza yake. Mai nauyin tana jujjuya wutar batir sau 50 a daƙiƙa, kuma a wannan saurin dole ƙarfe ya yi yawa, waya ta yi kauri. Mara nauyin tana sassara wutar sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, kuma iya saurin girgiza iya ƙanƙantar taransifomar da ake buƙata. Dabarar da ke cikin cajar wayarka ke nan: ta karɓi AC, ta miƙar da ita ta koma DC, ta sassara ta da mugun sauri, ta bi da ita ta cikin wata taransifoma da ba ta fi ƙwayar dabino ba, ta sake miƙar da ita bolt 5. Waɗanda suka riƙe cajar zamanin da, mai nauyi kamar dutsen guga, sun ga bambancin. Don haka rashin nauyi a caja ko a inbata ba alamar jabu ba ne.

Inda mai nauyin ta yi zarra shi ne juriya. Kwamfuresar firiza da motar sumo suna fizgar ninki uku zuwa biyar, wani lokaci fiye, na abin da suke ci a daidai lokacin tashi. Tarin ƙarfe da jan ƙarfen nan yana shanye wannan duka na 'yan daƙiƙu bai girgiza ba. Mara nauyin, in ba mai inganci ba ce ƙwarai, ko ta yi ƙara ta ɗauke, ko wata rana ta yi hayaƙi. In kuma mai nauyin ta lalace, masu naɗin waya na kasuwa suna iya mata. Laifinta biyu: tsada, da cin wuta a zaune. Ko ba a jona komai ba, ƙarfenta na shan batir. Mai fitilu da talabijin da fanka kawai, mara nauyin ta fi masa.

Abubuwa uku ka tsaya a kansu. Kada ka yarda da tsarin bolt 12. Wat 1,000 a kan 230 amfiya huɗu da ɗoriya ce, amma a ɓangaren batir mai 12 ta haura amfiya 83, sai waya mai kaurin yatsa. Tafi 24, in da hali 48. Na biyu, ka tabbata wutar da take fitarwa mai laushin lanƙwasa ce irin ta NEPA, wadda 'yan sola ke kira fiyo-sayin. Mai kusurwa-kusurwar tana sa fanka gurnani, kwamfuresa ta yi zafi. Na uku, lambar da ke jikin kwali sau da yawa VA ce, wato bolt sau amfiya, ba wat ba. Mai 3,500 VA kan tsaya ne a wajen wat 2,800.

Kafin ka biya, ka tambayi farashin firiza da sumo masu aiki da DC kai-tsaye. Suna nan a kasuwa, kuma a garin da rana ke dukan tsakar ka kamar naku, sumon da ke shan wuta daga faranti ya cika tanki da rana ba ya buƙatar inbata ko batir.

Tambaya: Wutar layinmu ba ta da ƙarfi, da dare ƙwai kamar garwashi. Na sayi sitabilaiza mai 5,000 VA don na'urar sanyaya ɗaki, amma tana ta ƙas-ƙas tana zafi, na'urar ba ta tashi. An cuce ni ne? Wani ma'aikaci daga Gusau.

Amsa: Malam, mai yiwuwa an cuce ka, mai yiwuwa kuma ka aiki jaki aikin raƙumi. Sitabilaiza ma taransifoma ce, mai naɗi ɗaya da aka fitar wa rassa a wurare daban-daban. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji tsalle take yi daga reshe zuwa reshe tana neman wanda zai ba da 220. Akwai wata irin da ba ta tsalle, wata 'yar mota ce ke jan gawayi a kan naɗin a hankali. Ta fi daidaito, ta fi tsada, gawayin kuma yana cinyewa.

Ka tuna da ɗan canji. Don ta ɗaga bolt dole ta ja ƙarin amfiya daga layi. Mai 5,000 an yi wayarta ta ɗauki amfiya kusan 22. In wutar da ke shigowa ta faɗi zuwa 140, amfiya 22 ɗin nan 3,000 da 'yan kai kawai za ta ba ka. Da na'urarka ta yunƙura za ta tashi, ta fizgo, layin da dama a galabaice yake ya ƙara durƙushewa, sitabilaiza ta yi tsalle, na'ura ta saki, wuta ta ɗan farfaɗo, a sake sabon lale. Kowane maƙwabci ya sa tasa kuma, kowa na jan bargo ɗaya.

Samo mai gyaran wuta ya auna bolt ɗin gidanka da ƙarfe takwas na dare, ba da hantsi ba, ya auna da na'urar a kashe, ya kuma auna lokacin da take ƙoƙarin tashi. Da wannan lambar za ka je kasuwa, ka duba mafi ƙarancin wutar da sitabilaizar ke karɓa. Ya duba wayar da ta sauko daga falwaya da mahaɗanta. Na sha ganin gidan da aka sayi sitabilaiza biyu alhali wata mahaɗa ce ta yi tsatsa.

Batun cuta kuwa, a waya yake. Ana naɗa alminiyam a shafe shi da fenti ruwan jan ƙarfe, mai saye ya leƙa ta ramukan iska ya yi wa rogo kallon kitse. Alminiyam kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka in kaurinsu ɗaya. Ba haramun ba ne in an ƙara masa kauri an kuma gaya maka, amma masu yi don araha ba sa ƙarawa. In an kankare bakin wayar aka ga fari, shi ne. Nauyi ma shaida ne, tun da jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku, sai dai na taɓa kwance wata na tarar da guntun ƙarfe ɗaure a gindinta, ba ya aikin komai sai cika hannu. In kuma tana da maɓallin jinkiri, ka bar shi a kunne don firji da na'urar sanyi: 'yan mintunan nan da take jira bayan an kawo wuta su ke ba kwamfuresa damar hucewa.

Tambaya: Taransifomar unguwarmu ta ƙone karo na biyu. Mun yi karo-karo, an ɗora mini riƙon kuɗi. Wani ya kawo mana tayin mai 500 kVA “sabuwa dal” a farashi mai sauƙi. Mu saya? Wani dattijo daga Zariya.

Amsa: Baba, Allah ya ba ka ikon sauke amana. Kafin maganar saye: hukumar NERC, mai sa ido kan harkar wutar lantarki a Najeriya, ta sha nanata cewa samar da taransifoma da falwaya da waya aikin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu biyan kuɗin wuta ba. Ku fara da rubutaccen ƙorafi, ku riƙe kwafi mai hatimi, in ba a yi komai ba ku kai gaba zuwa ofishin sauraron ƙorafi na hukuma. Na san abin da za ka ce, cewa takarda ba ta sanyaya ruwa a watan Afrilu. To in kun yanke sai kun saya, kada ko kwabo ya fita sai an yi yarjejeniya a rubuce da kamfanin kan yadda za a mayar muku da kuɗinku, ko a rage muku a bil. Da zarar an ɗora ta a layi, ta shiga hannunsu.

Sannan ku tambayi kanku me ya kashe biyun farko, don ta uku ma hanyar za ta bi. Taransifoma ba ta da abin da ke juyawa a cikinta, in an kula da ita tana shekaru gommai. Abin da ke kashe ta sananne ne. Layi uku take fitarwa. Mai 300 kVA (kVA ɗaya VA dubu ce) tana ɗaukar amfiya kusan 417 a kowane layi, mai 500 kusan 695. In kowa ya sa an mayar da gidansa kan layin da ya fi haske, sai layi ɗaya ya ɗauki kayan uku, naɗinsa ya dahu alhali sauran biyun na hutawa. In fis ya yanke, wani gwani ya ɗaura waya mai kauri a madadinsa, an cire mata mai gadi ke nan. In an sace man da ke cikinta, ko ya zurare, ta rasa abin da ke sanyaya ta yake kuma raba wayoyinta. In an yanke wayar tsakiya, wadda layukan uku suka haɗu a kanta, wasu gidajen sai su ga wuta ta doshi 400, talabijin da caja su tafi a dare ɗaya.

Ita kuma “sabuwa dal” ɗin, fenti ba shaida ba ne. Ku je da injiniyan da ku kuka ɗauko, ba wanda mai kaya ya kawo ba. Ya karanta farantin da ke jikinta: ta layin 11,000 ce ko ta 33,000, don ba a musanya su, wace shekara aka ƙera ta, nauyinta nawa. A gwada ƙarfin rufin wayoyinta, a gwada ko layukan uku suna ba da bolt daidai da juna, a ɗebi man a kai gwaji. In gyararriya ce ba laifi, amma a kira ta da sunanta, a saye ta a kuɗinta, a ba ku garanti a rubuce. Bayan an kafa, hukumar NEMSA, mai duba ingancin kayan wutar lantarki, ita ce ke da alhakin dubawa kafin a saki wuta. Ku ware wani abu daga kuɗin don keji da kwaɗo da fitila a kanta.

In an ɗora, ka riƙa bi ta wajen in ka fito sallar asuba, daga bayan keji, ba tare da ka taɓa komai ba. Kukanta ya kasance gunji ɗaya mai laushi, ba tatsatsa ba. Ka dubi ƙasa ko akwai ɗigon mai. A gefen tankin sama akwai wata 'yar kwalba mai ƙwayoyi kamar tsakiya, su ke tsotse damshin iskar da take shaƙa. A yawancinsu shuɗaye ne in suna da lafiya. Ranar da ka ga sun koma ruwan hoda, ka aika a kira injiniya ya canza su kafin damina ta sauka.